Makarantu a rufe, wajibi bai faɗi ba: Abin da korona ta koya wa iyaye da ɗaliban sakandare a ƙetaren kogin Kaduna

 

Duk wanda ya zauna a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ya san yadda safiyar Litinin take. Tun gari bai gama wayewa ba 'yan mata ke tsayuwa a bakin titi cikin hijabin makaranta suna jiran Keke Napep, samari kuma rungume da littattafai suna sauri kada a rufe musu ƙofa. A hunturun farkon 2021 kuwa babu wannan hayaniya. Gwamnatin Tarayya ta tsayar da Litinin, 18 ga Janairu, 2021 a matsayin ranar komawa makarantu, jihohi da dama sun bi, amma Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce ita tukuna, sai ta gama auna yadda cutar korona ke sake yaɗuwa. Har zuwa lokacin da aka yi wannan rubutu, a Janairun 2021, ba a sanya wa ɗaliban sakandare rana ba.

Tambayar da ke bakin kowane uba da kowace uwa a lokacin ita ce, yaushe za a buɗe? Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta ba a hannunmu take ba. Akwai wata tambayar da amsarta ke hannunmu, wadda kuma za a yi mana ita ranar gobe ƙiyama: me muka yi da yaran nan a watannin da suka zauna a gabanmu? A kanta muke son mu tsaya.

Makonni takwas cikin wata goma

Bari mu fara da lissafi, domin yawancinmu ba mu taɓa zama mun ƙirga asarar ba.

An tabbatar da ɓullar cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka gana a nan Kaduna, suka amince a rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin, 23 ga wata. A lokacin zango na biyu na dab da ƙarewa, kuma da yawanmu mun ɗauka hutu ne ya zo da wuri. Ranar 26 ga Maris aka kafa dokar kulle a jihar, kwana biyu bayan haka Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanar cewa shi kansa ya kamu. Aka rufe masallatan Juma'a da majami'u da kasuwanni, har filayen wasu makarantun gwamnati suka koma kasuwannin wucin gadi a 'yan ranakun da aka ware don sayen abinci. Azumin da aka fara ranar 24 ga Afrilu a gida muka yi shi, babu taron tafsiri, babu cikar sahun tarawihi. Sai bayan kwana 75 aka sassauta dokar, ranar 9 ga Yuni. Makarantu kuwa suka ci gaba da zama a rufe.

Jarrabawar WAEC, wadda aka shirya farawa a Afrilu, ta yi ta tangal-tangal. A farkon Yuli Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su rubuta ba, daga baya aka daidaita a kan 17 ga Agusta. Kaduna ta mayar da 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare ranar 10 ga Agusta. Wato bayan makonni 20 a gida, mako ɗaya tak suka samu tare da malamansu kafin su zauna wa takardar Lissafi. Jarrabawar hukumar NBAIS, wadda ɗaliban Larabci da addinin Musulunci ke rubutawa, an sanya ta a ƙarshen Satumba, ta NECO kuma a farkon Oktoba.

'Yan aji biyu na babbar sakandare, waɗanda su ne za su fuskanci WAEC da NECO na 2021, sai ranar 19 ga Oktoba suka koma, bayan makonni 30. Ranar 16 ga Disamba aka sake rufe makarantun jihar saboda dawowar cutar karo na biyu. Duk wanda ya ƙirga zai ga cewa daga 23 ga Maris na 2020 zuwa Janairun 2021, kusan wata goma ke nan, yaron da ke wannan aji bai zauna gaban malami ba sai na kimanin makonni takwas. Jarrabawar da ke jiransa kuwa ba ta rage ko shafi ɗaya daga manhajarta saboda shi ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ce a watan Afrilun 2020 ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida a faɗin duniya. Bambancin shi ne abin da kowane yaro ya tarar a gidan da ya koma.

Hanyoyin da muka gwada

Gidajen wannan ɓangare na gari suna da tarihinsu. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo bayanta, su ne suka tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan a Kakuri da Makera. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata su ne iyayen yau, kuma da yawansu sai sun fita suke samun na cefane: mai tuƙa Keke, mai faci, mai ɗinki, mai sayar da abinci. Akwai kuma gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Barnawa da makamantanta, inda hali ya ɗan fi. A cikin waɗannan gidaje ne aka gwada hanyoyin karatu daban-daban.

Ta farko ita ce rediyo da talabijin. Tun a watan Afrilu Ma'aikatar Ilimi ta jihar, ƙarƙashin Kwamishina Dokta Shehu Usman Muhammad, ta fara gabatar da darussa ta kafafen yaɗa labarai na jihar, da farko domin 'yan ajin ƙarshe. Yunƙuri ne da ya cancanci yabo, domin rediyo ita ce kafar da ta fi kowace shiga gidan talaka, kuma batir biyu sun ishe ta. Amma tana da iyaka. Ana iya koyon Ingilishi ko Tarihi da kunne, Lissafi da Kimiyyar Sinadarai kuwa suna son allo. Talabijin tana da allo, amma tana son wuta, wutar kuma kan ɗauke a tsakiyar darasi. Sannan malamin rediyo ba ya ganin fuskar ɗalibi, bai san wanda ya ɓace tun minti na biyar ba.

Ta biyu ita ce wayar hannu. Makarantu masu zaman kansu da dama sun buɗe zaurukan WhatsApp, wasu ƙalilan sun gwada Zoom. A gidan da kowane yaro ke da tasa na'ura, abin ya yi aiki gwargwado. A yawancin gidajenmu kuwa babbar waya ɗaya ce, ta maigida ce, kuma da ita yake fita nema. Sai bayan Isha'i take dawowa, cajinta ya kusa ƙarewa, yara uku na jiranta. Kuɗin data kuma daga kuɗin cefane ake yanko shi. Inda aka sakar wa yaro wayar babu mai lura, mun ga yadda darasin minti goma ya zama awa uku na kallon abin da ba ya amfanar duniya balle lahira.

Ta uku ita ce ɗaukar malamin lesin. Malaman makarantu masu zaman kansu da yawa sun yi watanni babu albashi, saboda makarantunsu da kuɗin ɗalibai suke biya. Wasunsu suka riƙa bi gida-gida suna koyarwa. Wannan hanya ta fi sauran amfani, domin akwai mai tambaya da mai amsawa, amma sai mai hali.

Ta huɗu ita ce wadda ba a rubuta ta a kowace takardar gwamnati ba, alhali ita ta fi ɗaukar yara: aka tura namiji gareji ko shago, aka ɗora wa mace talla ko aikin gida. Koyon sana'a abu ne mai kyau, babu mai musun haka, annabawan Allah ma sun yi kiwo da sassaƙa da ƙira. Matsalar ita ce yaron da ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu yana ɗan shekara 16, da wuya ya sake ganin darajar zama a kan benci.

Da muka dubi gidajen da muka sani, abu ɗaya ya fito fili. Ba na'ura ce ta raba yaron da ya ci gaba da wanda ya koma baya ba. Mun ga gidan da ke da janareto da kwamfuta amma yaro ya manta yadda ake raba lamba, mun kuma ga gidan haya mai ɗaki biyu inda uwar da ba ta yi boko ba take kashe murhu idan lokacin darasin rediyo ya yi, ta zaunar da 'yarta, ta ce a nuna mata shafin da aka rubuta yau. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta san bambancin shafin da aka cika da wanda aka bari fari. Inda aka sami mutum guda da ya ɗauki karatun yaro a matsayin amana, kowace hanya ta yi amfani. Inda babu shi, babu wadda ta yi.

Shin rufewar ta saɓa wa tawakkali?

Kafin mu ci gaba, akwai maganar da ake yi a majalisu da bakin masallatai wadda ya kamata a amsa. Wasu na cewa cutar ta masu kuɗi ce, wasu na cewa tsoronta raunin imani ne. Magabatanmu sun riga mu fuskantar wannan tambaya.

Lokacin annobar Amwas, wadda ta auka wa ƙasar Sham a wajajen shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa can, har ya isa wani wuri da ake kira Sarg, labari ya riske shi. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, sannan ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA) ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya busasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Sai ga Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya zo da hadisin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke cikinsa fita don gudu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan ƙissa. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA) sun rasu a wannan annoba, kuma malaman tarihi sun ambata cewa Amru ɗan Asi (RA) ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, aka kuma sami sauƙi bayan haka. Wannan ita ce ba da tazara tun kafin a raɗa mata suna.

Saboda haka rufe makaranta don kare rai yana da tushe a shari'a, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofinta. Amma kiyaye hankali ma yana cikinsu, kuma a nan ne ƙorafin iyaye yake da ƙarfi. A lokacin suna ganin Kasuwar Monday a cike, ana bukukuwan aure, ga dubban mutane na cunkuso a wuraren rajistar lambar ɗan ƙasa tun da aka ce a haɗa ta da layukan waya a watan Disamban 2020, sai su ce, me ya sa makaranta kaɗai? Tambaya ce ta gaskiya. Asusun UNICEF ma ya yi kira a watan Janairun 2021 cewa makarantu su zama na ƙarshen rufewa, na farkon buɗewa. Haƙƙinmu ne mu faɗa wa hukuma haka cikin ladabi da hujja, ta hannun ƙungiyoyin iyaye da malamai da shugabannin addini. Amma mu lura da abu guda: cunkoson da muka riƙa yi babu takunkumi shi ne ya tsawaita zaman 'ya'yanmu a gida. Wanda ke son a buɗe makaranta da wuri, ya fara da rufe hancinsa da bakinsa a kasuwa.

Abin da ba ya cikin shakka shi ne, uzurin da ya rufe ginin makaranta bai ɗauke wajibcin neman ilimi ba. Littafin Ahalari da muka fara da shi a zaure ya buɗe ne da wajibcin gyara imani, sannan sanin abin da mutum zai gyara farillansa da shi. Imamu Gazali kuma a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan da in al'umma ta rasa mai yin su, dukkanta ta yi laifi. Wannan annoba ta fassara mana maganarsa. Ma'aikatan da ke tsaye kan marasa lafiya a Asibitin Gwamna Awan da sauran asibitocinmu, jiya-jiya 'yan ajin kimiyya ne a sakandare. Yarinyar da ta bar karatu bana, ita ce likitar matan da za mu nema mu rasa nan da shekara goma.

Umar da maƙwabcinsa, Nana Asma'u da jajinta

To, yaya ake karatu idan ba a iya zuwa wurin malami kullum? Tarihinmu yana da amsa biyu.

Imamu Buhari ya ware babi a Littafin Ilimi na Sahihinsa a kan karɓa-karɓa wajen neman ilimi. A ciki Umar (RA) ya ba da labarin yadda shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare, suna zaune a unguwannin gefen Madina, suka raba kwanaki: yau wannan ya je majalisin Annabi (SAW), gobe wancan, kowa ya dawo ya sanar da ɗan'uwansa abin da ya sauka na wahayi da sauran labarai. Nesa da neman abinci sun hana kowannensu zuwa kullum, amma babu abin da ya wuce su.

Na biyu a ƙasarmu ya faru. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga matan ƙauyuka ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato karatu ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Kowace ƙungiya tana da jaji, dattijuwa amintacciya da ake naɗa wa malfa, ita ke zuwa ta karɓi darasi, yawanci a cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, ta koma ta koyar da matan garinta. Karatu daga nesa ke nan, babu rediyo, babu waya. Abin da ya riƙe shi shi ne mutum amintacce tsakanin malami da ɗalibi.

Wannan mutum shi ne abin da darussan rediyo da na WhatsApp suka rasa, kuma muna da shi a kowane layi. Malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Maris har zuwa 23 ga Disamba na 2020, kuma a Janairun 2021 ɗaliban jami'a da na kwalejoji da yawa suna gida. Akwai malaman da suka yi ritaya, akwai waɗanda suka gama hidimar ƙasa suna jiran aiki. Idan kwamitin kowane masallacin unguwa, daga Tirkaniya zuwa Kudenda, ya rubuta sunayen 'yan sakandaren da ke kewaye da shi, ya raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ya haɗa kowace ƙungiya da babban yaya ko babbar yaya guda, a zauna a tsakar gida ko gindin bishiya inda iska ke kaɗawa, da takunkumi da tazara, awa biyu a rana, to an rage asarar ba tare da an karya doka ba. Gidan da ke da rediyo ko babbar waya ya zama wurin sauraro, wanda ya saurara ya isar wa wanda bai samu ba, kamar yadda Umar da maƙwabcinsa suka yi. Littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa guda ɗaya yana iya zagaya gida biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma a wannan ɓangare na gari, inda Musulmi da Kirista ke haɗa katanga da famfo, kada mu tsaya tambayar addinin mai koyar da Lissafi, kada kuma mu hana ɗan maƙwabci zama a tabarmarmu. Malaman sira sun ambata cewa bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin Ƙuraishawa sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Idan an karɓi ilimin rubutu daga wanda ya zo yaƙi, ina ga maƙwabcin da addini ya yi wasiyya da kyautata masa?

A cikin gida kuma a tsara yini. Bayan sallar Asuba a yi tilawa da muraja'ar hadda, domin Islamiyyu ma sun sha wannan rufewa, kuma hadda tana saurin kuɓucewa idan ba a bibiyarta. Da hantsi, lokacin da ƙwaƙwalwa ke sabuwa, a yi darussan boko masu nauyi. Aike da sana'a su biyo baya. Uba ko uwa su duba littafi kowane dare, ko da minti biyar ne.

'Yan mata ne suka fi shiga haɗari

Lokacin da cutar Ebola ta rufe makarantun Saliyo na kusan wata tara tsakanin 2014 da 2015, an yi darussan rediyo kamar namu. Da aka buɗe, 'yan mata da yawa ba su koma ba. Wannan darasi ne da bai kamata mu bari ya maimaitu a kanmu ba.

Kakuri gida ce ga Kwalejin Sarauniya Amina, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun 'yan mata a Arewa. Tun 2018 gwamnatin jihar ta ɗauke wa 'yan mata kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati, kuma Kaduna na cikin jihohi bakwai da shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a Yulin 2020 don karatun 'yan mata, ya fara aiki a cikinsu. Ƙofa a buɗe take. Amma duk mun san maganar da ake yi a tsakar gida idan budurwa ta yi wata tara tana zaune: zaman me take yi, ga mai so ya fito? Aure sunna ne, ba mu zo hana shi ba. Muna tunatarwa ne cewa Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yarinyar da saura mata 'yan watanni ta rubuta jarrabawar ƙarshe, a bari ta rubuta. In kuma an riga an sa rana, a sanya kammala karatun cikin sharuɗɗan da waliyyai za su yi magana a kai a fili, a gaban shaidu.

Ranar da aka buɗe

A lokacin ana sa ran za a buɗe, in Allah Ya yarda, kuma wataƙila aji-aji kamar yadda aka yi a 2020. Ƙa'idojin da aka gindaya a lokacin sanannu ne: takunkumi, wurin wanke hannu, auna zafin jiki a ƙofa, rage cunkoso a aji, da raba ɗalibai wasu da safe wasu da rana inda suka yi yawa. Rubuta su a takarda abu ne mai sauƙi. Aiki da su a makarantar da aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da kujerunsa, famfonta kuma ba ya kawo ruwa, shi ne jan aiki. Nauyin gwamnati ne ta samar da ruwa da sabulu da isassun malamai, kuma ya kamata mu riƙa zuwa da ƙafarmu muna dubawa. Amma bokiti mai famfo da sandar sabulu ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye ko ta tsofaffin ɗalibai ba, kuma sadaka ce mai gudana. Al'ummar da ke alwala sau biyar a yini bai kamata a sha wahalar koya mata wanke hannu ba. A tuna kuma sanyin hunturu zai sa yara su so rufe tagogi, alhali iska mai shiga da fita tana cikin manyan kariya. A sa musu rigar sanyi, a bar taga a buɗe. Yaron da ya tashi da zazzaɓi ko tari a bar shi a gida, domin hadisi ya hana a haɗa mara lafiya da mai lafiya.

Ga malamai, muna roƙon kada a yi tseren gama manhaja. A fara da gwaji don a san inda kowane ɗalibi ya tsaya, a cike ramin kafin a ɗora gini. Ga iyayen da makarantu ke bin su bashi, a biya gwargwadon iko, domin albashin malami a ciki yake, kuma addini ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Masu makarantu su ma su sassauta, su karɓa kaɗan-kaɗan, kada a kori yaro daga aji bayan wata goma yana jiran ranar shiga. Mawadatanmu kuma su tuna cewa kuɗin rajistar jarrabawa na maraya ko ɗan talaka yana cikin mafi kyawun wuraren da sadaka za ta sauka.

Ga ɗalibai kuwa, akwai jarrabawar da ta fi WAEC. Wanda bai shirya ba, shaiɗan zai kawo masa gajeriyar hanya: amsoshin da ake turowa ta waya, ko cibiyar da ake biya a rubuta wa mutum. Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus. Takardar da aka samu da sata, albashin da za a ci da ita shekara talatin yana da tambaya a kansa. A jarrabawar WAEC ta 2020, duk da makonni 20 na zaman gida, kimanin kashi 65 cikin 100 na waɗanda suka rubuta a Najeriya sun sami kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. Ana iyawa. A ɗaure raƙumi, sannan a dogara ga Allah.

Daga ƙarshe, a makon farko na komawa, kowane malamin aji da kowane limamin unguwa ya ƙirga. Wane benci ne babu mai shi? Ina yarinyar da ke zama kusa da taga? Ina yaron da aka gani a gareji? A je gidansu, a yi sallama, a tambaya. Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.